Sakan Sittin, Sannan A Juya

A garinmu ruwa a rijiya yake, sai an jawo shi da igiya kafin a gan shi. Da damina tafki yakan cika a bayan gari, amma duk yarinyar da aka kama ta tsoma ƙafa a ciki, ranar da zafin bulala za ta kwana. Har na yi aure, har na biyo maigidana Amurka muka zauna a Sterling, ruwa bai taɓa wuce min gwiwa ba. Shi ya sa ranar da na fara ganin ƴata ta fari a kife cikin ruwa, kai a ƙasa, gindin kwale-kwale a sama, na miƙe tsaye ina salati.

Shekararta goma sha biyu a lokacin. Wata likita ƴar Kano mai zama a Mitchellville ce ta jawo mu cikin abin. A wajen wani suna muka saba, ina ce mata Anti, tana ce min ƙanwata. Ƴarta na yin wasan, sai ta ce in bar tawa ta riƙa zuwa, tunda ta riga ta koyi iyo a makaranta. Duk Asabar da hantsi sai in ɗaure ƙaramin ɗana a kujerarsa ta baya, in riƙe sitiyari kamar za a ƙwace min, mu bi babbar hanyar da ta zagaye babban birnin ƙasar har College Park. A can akwai wani tafki da aka gina cikin ɗaki, mu mutanen Nijar pisin muke ce masa. Tun daga ƙofa warin maganin ruwan zai tare ki.

Wasan kuwa, da a baki aka ba ni labarinsa da na ƙaryata. Ƙwallo ake bugawa a kan ruwa. Kowane yaro na cikin ɗan kwale-kwalensa wanda bai fi shi tsawo da yawa ba, an rufe bakinsa da wata roba da ta kama ƙugu, sai ki ga kamar daga cibiya zuwa ƙasa yaron ya zama kifi. Biyar nan, biyar can, da hular kwano mai waya a fuska, da filafilin tuƙi mai kai biyu. Raga ba a ƙasa take ba, a rataye take sama da kan mutum, mai tsaron gida sai ya ɗaga filafilinsa tsaye ya tare. Suna juyi a wuri ɗaya kamar an kafa su a kan tsinke. Wani ya nutsar da gindin kwale-kwalensa, goshin ya tashi sama yana zubar da ruwa, ya waiga, ya sauka yana kallon inda ya fito. Na sha zama baki buɗe har ƙaramin ya ja min hijabi.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. A wasan nan an yarda in ƙwallo na hannunki, a sa hannu a kafaɗarki a ture ki ki kife. Ba faɗa ba ne, doka ce. In kin kife, ke za ki murɗa jikinki daga ƙarƙashin ruwa ki dawo sama. In kin kasa, sai ki buga gindin kwale-kwalen da tafin hannu, wani ya matso ya juya ki. Kalmar da na sa wa abin ke nan a raina, kuma ita nake faɗa a gida: an juya ta, ta juya da kanta.

Sauran iyaye in ƴaƴansu suka ci, sai su miƙe suna kiran sunansu har rufin ɗakin ya amsa. Ni ƴar fari ce tawa. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kamar yadda innata ba ta taɓa kiran na yayana ba. Ke nake ce mata, ko in ce yarinyar nan. To me zan yi ihu da shi? Sai in zauna a ƙarshen benci, hannuwa cikin hijabi. Da zarar wani kwale-kwale ya kife, babban yatsana ya hau gaɓoɓin yatsu. Subhanallah, ɗaya. Subhanallah, biyu. Hannu ɗaya gaɓa goma sha biyar ne. Tawa a gaɓa ta huɗu take fitowa, in ta gaji ta shida. Sau ɗaya tak, a farkon zuwanmu, ta kai sha uku, ranar ko tuƙin komawa gida da ƙyar na yi.

Wata Laraba ta dawo daga makaranta ta ajiye min takarda a kan teburin kicin. Turancina na kanti ne da na asibiti, bai kai na takarda ba. Na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta riƙa tsinto kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta ce, "Mitin, Mama. Asabar. Za a sa sabon doka. Agogo."

"Agogon me?"

"Don wasa ya yi sauri. Sakan sittin." Ta ɗaga kai sama tana neman kalma, ta faɗi wata da Turanci, ta ga ban gane ba. Sai ta kifa tafin hannunta ta mayar da shi sama. "Sakan sittin, sannan a juya."

Na ce, "Sai sittin ta cika?"

"Eh. In bai cika ba, ba a busa."

"Ke kuma kina so?"

Fuskarta ta washe. "Sosai!" Ta ɗauki ayaba ta shige ɗaki.

Na tsaya riƙe da ludayi. Sittin hannu huɗu ke nan. Ni da ban taɓa ƙare hannu ɗaya ba.

Washegari da rana, da ƙaramin ya yi barci, na cika robar da nake wanke kayan miya da ruwa, na ɗora a teburi. Na ja numfashi na tsoma fuskata, ina ƙirgawa a yatsu. Hannu na farko lafiya. A na biyu ƙirjina ya fara bugawa har cikin kunne. Ban kai tsakiyar na uku ba na ɗago ina tari, ruwa ta hanci, ɗankwali a jiƙe. Kuma ni a tsaye nake a kicin ɗina, ƙafa a ƙasa, babu wanda ya ture ni, ban yi tseren komai ba.

Da maigidana ya dawo daga ɗaukar fasinja a filin jirgi, na bari ya ci abinci sannan na gaya masa. Ya ajiye cokali ya dube ni. "Mutanen da ba sa barin yaro ya hau keke babu hula, su ne za su bar shi minti guda a ruwa? Anya kin ji daidai?"

"Malam, da kunnena na ji. Daga bakinta."

"To ni Asabar ina aiki. Ki je ki ji. In haka ne, ki cire ta, ba sai kin jira ni ba."

Ashe yarinyar tana bakin ƙofa. Ta juya ta shige ɗaki. Washegari Juma'a da ƙyar ta gaishe ni, amma na ga ta shanya rigar wasanta da dogon wandon a bayan gida, ta goge hular kwanon har tana ƙyalli. Na so in kira Anti in tambaye ta. Sau biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ita likita ce, ƴarta na ciki, ba ta tsorata ba. Kada in zama ƴar ƙauyen da ke kawo tsoro cikin abin masu ilimi.

Ran Asabar bayan an tashi wasa, aka taru a kan bencina na bakin ruwa, iyaye da manyan ƴan wasa, yaran kuma na zaune a ƙasa da tawul a wuya. Anti ta zauna kusa da ni tana raɗa min abin da ake faɗa, amma saboda suna sauri, kan maganar kawai take ba ni.

Kocin yaran, wata baturiya siririya mai muryar maza, ita ta kawo shawarar. Ta ce wasan ya yi sanyi. Ta ce a manyan gasa da agogon ake yi, in yaranmu ba su saba ba za su sha kunya. Wani tsoho mai farin gemu, wanda aka ce tun kafin a haifi kocin yake wasan, ya miƙe yana ɗiga ruwa. Ya ce shi bai yarda ba. Ya ce daɗin wasan a haƙuri yake, yaro ya koyi dubawa kafin ya jefa, agogo kuwa gaggawa zai koya musu. Kocin ta ce masa shi ai don hannunsa ya tsufa ne yake son a yi a hankali. Ya ce da wannan tsohon hannun ya kifar da ita makon jiya. Aka kwashe da dariya, har yaran na buga ƙasa.

Ni dai ina kallonsu ina mamaki. Ana maganar numfashin ƴaƴan mutane, ana dariya. Wani uba ya ce a mayar da shi arba'in ma, sittin ta yi yawa. Na ce a raina, Allah ya yi maka albarka, ko da yake arba'in ɗin ma ban kai ba. Sai wata ta ce a'a, ga yara ƙanana a ƙara ya zama casa'in.

Casa'in. Hannu shida.

Ban san lokacin da na miƙe ba, ƙaramin a kafaɗata. Na ce, "Anti, ki faɗa musu."

"Me zan faɗa, ƙanwata?"

"Ki ce na gwada a gida. A roba. Ni babba ban kai arba'in ba. Ki ce yaron nan mai jar hula, in ya kife yakan kai tara, kuma in ya fito sai ya yi tari. Ƴar gidanki biyar. Ƙaramar nan mai tabarau ba ta iya juyawa ta hagu, ta dama kawai, in aka ture ta ta hagu sai ta kai sha biyu. Babu yaro a nan da ya taɓa wuce sha huɗu. Ki ce in sai sittin za a juya su, ni yau zan tafi da tawa."

Da na kai ƙarshe, Anti ta fara fassarawa, ta yi jimla biyu, sai ta tsaya. Ta juyo ta dube ni. "Wa ya ce miki sai sittin za a juya su?"

Na nuna yarinyar da haɓa.

Anti ta tambaye ta da Turanci. Yarinyar ta amsa, ta sake kifa tafin hannu ta mayar. Sai na ga Anti ta dafe goshi. "Innalillahi. Ƙanwata, ƙwallo ake nufi. Ƙwallo! In ƙungiya ta riƙe ƙwallo sakan sittin ba ta jefa raga ba, sai a busa a ba ɗaya ƙungiyar. A Turancinsu shi ma juyawa suke ce masa. Ita kuma wannan mai Hausar kanti ta kwaso miki shi yadda yake."

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Yarinyar ta rufe fuska da tawul. Anti ta bayyana musu, na jira dariya. Wasu sun yi, kaɗan. Amma tsohon bai yi ba. Ya matso ya ce Anti ta tambaye ni, wane agogo na yi amfani da shi na san na kowane yaro.

Na fito da hannuna daga hijabi na nuna masa gaɓoɓin. Ya sa na maimaita. Ya kira mai jar hula ya ce ya shiga ya kife. Ya duba agogon hannunsa, ni ina ƙirga nawa. Da yaron ya fito na ce takwas. Tsohon ya dubi agogo, ya dube ni, ya juya ya nuna wa kocin. Kocin kuma tambayarta ɗaya: da gaske ƙaramar ba ta juyawa ta hagu? Aka tambayi ƙaramar, ta sunkuyar da kai ta ce eh.

Na zauna cikin kunya da sanyin rai. Amma Anti ba ta bar ni a nan ba. Ta ce, "Gaskiya ɗaya zan gaya miki, kada ki ce na ɓoye. In aka sa agogon, wasan zai yi zafi. Za a fi ture juna. Za ta fi kifewa fiye da yanzu."

Sai tsoron ya dawo ya zauna inda ya saba.

Kocin ta ga fuskata. Ta je jakarta ta ɗauko wani babban tabarau na shiga ruwa, mai rufe ido da hanci, ta miƙo min. Anti ta ce, "Wai ki zo ki gani da idonki." Na ce a'a. Anti ta karɓi ƙaramin daga hannuna ta ce, "Tashi, ba cewa aka yi ki shiga ba." Na durƙusa a bakin pisin a kan tawul ɗin wani, na ɗaura tabarau a kan hijabi. Na san na zama abin kallo. Yarinyar ta shiga kwale-kwalenta ta matso har kusa da ni. Ba ta dube ni ba. Ta ja numfashi ta kife.

Na ce bismillah na tsoma fuskata.

Duk hayaniyar ɗakin ta ɗauke. Wani shuɗi na gani wanda ban taɓa ganin irinsa ba, ko a shuni, ko a sama bayan ruwa ya ɗauke. Haske na saukowa igiya-igiya yana rawa a kan daɓen ƙasa. Ga ta nan a tsakiya, a rataye, kai a ƙasa. Shekara guda ina ganin gindin kwale-kwale kawai, ina zana wa kaina abin da ke ƙarƙashi: yarinya na fafutuka, baki buɗe, ido a waje. Ashe ba haka ba ne. Idonta a buɗe, fuskarta a kwance kamar mai jiran a gama zuba mata shayi. Ƴan ƙananan kumfa na fita daga hancinta ɗaya bayan ɗaya suna hawa. Bakin ɗankwalinta da ya leƙo daga hula yana kaɗawa a hankali. Ta lanƙwasa jiki gaba, ta jera filafili a gefen kwale-kwalen, babu gaggawa, kamar yadda nake jera tabarma. Sannan ta juyo da ido ta same ni.

A gida ba ma haɗa ido haka. A can ƙasa ta dube ni sosai, ta saki filafilin gaba ɗaya ya tashi sama, ta ɗaga min hannu. Daga nan ta share ruwan da tafin hannu, ƙugunta ya murɗa, kwale-kwalen ya mirgino, kanta ne ƙarshen fita. Sai kumfa kawai a inda take.

Na ɗago ina haki. Ɗakin na tafi. Abin da ke bakina Allahu akbar ne, ina ta maimaitawa. Wannan da na haifa a ɗakin innata, na yi mata wanka a ƙaramar roba ina tsoron kada ruwa ya shiga kunnenta, wa ya koya mata zama cikin ruwa kamar ɗakinta? Anti ta ce, "Nawa ta yi?" Na duba hannuna. Babban yatsana na nan a gaɓar farko, bai motsa ba.

Da aka zo ɗaga hannu, na ɗaga tare da tsohon, ban yarda da agogon ba. Ni har yanzu ban ga abin da ake sauri a kai ba. Mu biyar ne, sauran duk suna wancan gefe, har da Anti, har da yarinyar da ta ɗaga hannu biyu. Aka ce za a gwada shi zuwa bazara. Tsohon ya ce to shi ma yana da sharaɗi: in wasa zai yi zafi, a samu mutum ɗaya a bakin ruwa wanda ba ruwansa da ƙwallo, kifaffen kwale-kwale kawai zai duba, in ya kai goma bai tashi ba ya busa. Kocin ta ce ta yarda. Ta ciro usur daga wuyanta. Ba a yi wata shawara a kan wa za a ba ba, duk suka juyo suna kallona.

Muka shiga mota muka hau babbar hanya. Can ta ce, "Mama, za ki cire ni?"

Na ce, "Ke, ba sabon doka ake cewa ba, sabuwar doka. Kuma ƙwallo ba a juya ta, karɓewa ake yi a ba wasu."

"To. Za ki cire ni?"

"Ki shanya kayan nan in mun isa, kada su yi wari kafin Asabar."

Ta juya fuska wajen taga, amma na ga kumatunta sun tashi da murmushi a gilashi.

Anti ta yi gaskiya, sun fi kifewa. Agogon na rataye a bango da jajayen lambobi yana cin sakan ɗinsa, yara na ihu in ya kusa ƙarewa. Ni ban cika kallonsa ba. Ina tsaye a bakin ruwa, usur a kan hijabi, yatsa a kan gaɓa. Sau biyu na busa tun da aka fara, duka ba a kan tawa ba. Ƙaramar nan ta koyi juyawa ta hagu. Tawa kuwa in ta kife har yau sai na ƙirga, sai dai yanzu na san fuskar da ke ƙasan, kuma a ta huɗu take fitowa.